Mai Dafa Wa Jama'a, Ya Kwana Da Yunwa

Mu mutanen ƙasar Gumel ba a koya mana abin da a ke kira yunwa. Ƙasarmu jigawa ce a bakin iyakar Nijar, damina gajera, rani dogo. Dattawan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna iya ba ka labarin farin da aka yi cikin 1973, da wanda ya biyo bayansa cikin 1984, sa'ad da gero ya ƙone a gona, shanu suka yi ta faɗuwa. Yaran da ba su riski wannan ba kuwa sun ji labarin ƙarancin abincin da ya auka wa maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi cikin 2005. Wannan yunwa kowa ya san kamanninta. Rumbu ne ya ƙare, maganinta kuwa hatsi.

Amma akwai wata yunwa dabam wadda ba mu saba jin labarinta ba. Ita wannan tana kama mutum ga tuwo a ƙwarya, ga miya a tukunya, ga kuɗin cefane a aljihu. Abincin bai gagare shi ba, zuciyarsa ce ta hana shi ci, don yana ganin jikinsa ba shi da kyan gani. Likitoci sun lasafta ta cikin cututtukan da ke taɓa tunani, tana kuwa kisa. Da yawa suna zaton ciwon 'yan matan Turai ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in nuna maka, ya kai mai karatu, tana kama maza, tana kuma nan cikinmu, kuma ta fi samun wurin zama ga mazan da jama'a ta mayar abin ba'a.

Ciwon nan iri-iri ne. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira anoreksiya, watau ƙin abinci. Mai shi yakan rage ci kullum, har ya rame kamar kazar mayu, amma in ya dubi madubi sai ya ga kamar har yanzu yana da ƙiba. Na biyu shi ne bulimiya. Mai wannan yakan ci abinci mai yawa a ɓoye, cikin gaggawa, sa'an nan kunya da tsoron ƙiba su kama shi, ya je ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar, ko kuwa ya sha maganin wankin ciki. Na uku shi ne ci ba ƙaƙƙautawa: mutum ya yi ta ci ba don yunwa ba, ya kasa tsayawa, bayan nan ya tsani kansa. Akwai kuma wani ɗan'uwansu da ya fi kama samari, watau mutum ya riƙa ganin kansa siriri ko da ƙwanjinsa ya cika riga, ya wuni yana ɗaga ƙarfe, yana neman ƙwaya ko allurar da za ta ƙara masa tsoka.

Kada ka ce sabon abu ne. Tun cikin 1689 wani likitan Ingila mai suna Richard Morton ya rubuta labarin mutum biyu da suka rame ba tari ba zazzaɓi, sai dai ƙin abinci da damuwar zuciya. Ɗaya budurwa ce, ɗayan kuwa saurayi ne, ɗan wani limamin Kirista. Ka ga ke nan tun ran da aka fara rubuta labarin ciwon da namiji a ciki. Cikin 1873 wani likita a Landan, William Gull, ya raɗa masa sunan da a ke kiransa da shi yau. Shi kuwa ciwon ci da amayarwa sai cikin 1979 likita Gerald Russell ya bayyana shi filla-filla, shi ma a Landan.

Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka wanda ya kamata kowane magidanci ya ji. Cikin 1944 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a jami'ar Minisota ya tara samari 36 lafiyayyu, da yardarsu, aka rage musu abinci kamar da rabi har wajen wata shida, don a gane yadda za a yi jiyyar mutanen da yaƙi ya bari cikin yunwa. Kowannensu ya zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Amma abin mamakin ba ramar ba ce, halinsu ne ya sake. Suka zama masu saurin fushi, suka daina son shiga mutane, ba su da zance sai na abinci, har waɗansu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sakar musu abinci kuwa, waɗansu suka yi ta ci ba ƙoshi. Darasin da ke ciki shi ne, yunwa da kanta tana juya tunanin mutum. Saboda haka wanda ya fara rage ci don ya gyara jiki yana iya faɗawa ramin da ba ya iya fita shi kaɗai, faɗa da tsawa kuwa ba su fisshe shi.

To, cikin maza su wane ne ciwon ya fi kamawa? Nan ne maganar ke da nauyi, amma likita ba ya kau da kai daga miki don yana wurin da a ke jin kunya. Cikin 1997 likitocin wani babban asibiti a birnin Bostan suka duba takardun maza 135 da suka yi wa jiyyar wannan ciwo daga 1980 zuwa 1994. Suka tarar cikin masu ci suna amayarwa, 42 cikin ɗari maza ne masu neman maza 'yan'uwansu, ko masu neman maza da mata duka. Cikin 2007 kuma masana biyu, Matthew Feldman da Ilan Meyer, suka yi bincike a birnin Niyok. Suka ga cikin irin waɗannan maza fiye da 15 cikin ɗari sun taɓa fama da ciwon ko alamunsa, alhali cikin sauran maza ba su kai 5 cikin ɗari ba.

Wannan lissafin Amurka ne, ba a ɗauko shi a aza wa Gumel. Kuma kada wani ya juya maganar, ya ce duk namijin da ya kamu da ciwon nan halinsa ke nan. Ko a asibitin nan na Bostan, in aka haɗa majiyyatan duka, mafi yawansu ba haka su ke ba. Ciwon yana kama ɗalibi, yana kama ɗan ƙwallo, yana kama mai mata da 'ya'ya. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne dalilan da masana suka bayar, gama dalilan nan ba su san iyakar ƙasa ba.

Dalili na farko zaman ɓoyo. Shi Ilan Meyer ya daɗe yana nuna cewa mutumin da ke kwana ya tashi cikin tsoron kada a gane shi, kada a kore shi, kada a ci mutuncinsa, damuwar nan takan taru ta zama ciwo a jikinsa da tunaninsa. Wanda ba shi da iko da bakin mutane, ba shi da iko da abin da zuciyarsa ke so, sai ya nemi abu ɗaya da ya ke da iko da shi, watau lomar da zai kai baki. Dalili na biyu ba'ar ƙuruciya. Yaron da tun yana ƙarami a ke yi wa dariyar muryarsa da tafiyarsa yakan tashi yana ganin jikinsa ne abokin gabansa. Dalili na uku kuwa yana cikinsu su kansu, gama a tsakaninsu ma ido yana aiki ƙwarai, ana auna mutum da ƙugu da ƙirji da hasken fata, wanda ya tsufa ko ya yi teɓa sai a ture shi gefe.

A ƙasar Hausa in an yi wannan zance hankali yakan tafi ga 'yan daudu, watau mazan da ke ɗaukar salon mata wajen magana da tafiya da sana'a. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya fitar da littafi a kansu cikin 2009. Ya nuna ba kowane ɗan daudu ne mai neman maza ba, da yawa suna da mata da 'ya'ya, kuma akwai masu neman maza da yawa waɗanda ba wanda zai gan su ya ce 'yan daudu ne. Sana'ar da aka fi sanin 'yan daudu da ita tun da daɗewa ita ce dafa abincin sayarwa a tasha da kasuwa. Matafiyi nawa ne ya ci shinkafa da miya, ko soyayyar kaza, ko farfesu daga hannunsu, ya yaba, sa'an nan ya juya ya yi musu dariya? Tun da aka kafa dokokin shari'a a Jigawa da sauran jihohin Arewa cikin 2000, aka kuma sa hannu a dokar tarayya ta hana auren jinsi ɗaya cikin Janairu 2014, ɓoyon ya ƙaru, har wanda ba shi da laifin kome sai muryarsa yana ɗari-ɗari da shiga asibiti. Ni ban zauna don yanke hukunci ba, malamai da alƙalai suna da fagensu. Maganar ciwo na ke yi, majiyyaci kuwa ko wane ne shi ɗan wani ne, ƙanen wata ne.

Na san wani mai abinci a wata tasha cikin ƙasarmu, na yi shekaru ina cin girkinsa in tafiya ta bi da ni. Mutum ne mai fara'a, mai tsabta, miyarsa ba ta kwana. Tun yana yaro jiki gare shi, 'yan tasha kuwa ba su kiransa da sunansa, sai Randa, ko Uwar Tulu, shi ma yana taya su dariya. Wata shekara na iske shi ya zube, zanen aikinsa ya zagaye shi sau biyu, idanu sun faɗa. Mutane suka fara raɗe-raɗin ƙanjamau ne, ciniki ya ja baya. Da tasha ta yi shiru na ce masa, "Maigida, lafiya kuwa? Ko an je asibiti?" Ya ce, "Malam, an auna jinina har sau biyu, ba a ga kome ba. Ni dai abincin ne ba na so ya zauna mini a ciki. In na ci sai in ji kamar na yi sata." Ya ce wuni ya ke yi kan tukunya, yana jin daɗin ganin mutane suna ci, shi kuwa daga ruwan shayi sai goro. In dare ya yi yunwa ta ci ƙarfinsa, sai ya rufe ƙofa ya cinye abin da ya saura, sa'an nan ya zagaya bayan gida ya amayar.

Yayarsa ce ta cece shi. Ta zo daga ƙauye ta zauna tare da shi, ba ta yi masa gori ba, ba ta tambaye shi abin da bai faɗa ba. Ta ce masa, "Ƙanena, ni ba surarka na zo gani ba, ranka na ke so." Ta kai shi ga likita, aka tura su ga likitan tunani, kullum kuma tare su ke sa hannu a ƙwarya ɗaya, safe da rana da dare, ta zauna suna hira har abincin ya bi jiki. Bai warke rana ɗaya ba. An fi shekara ana yi, yau gaba gobe baya, kafin ƙarfinsa ya komo.

A ƙasarmu kuma matsin ta fuska biyu ya ke zuwa. Tun da can mun ɗauki ƙiba alamar wadata, rama kuwa alamar talauci ko ciwo. In mutum ya yi tumbi sai a ce ya samu, in ya rame sai a fara zunɗe. Saboda haka akwai masu gudun rama kamar yadda a ke da masu gudun ƙiba. Su ne ke zuwa kemis ko wurin masu tallar magani a kasuwa su sayi ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe. Galibi ƙwaya biyu ce. Ɗaya sunanta sifroheftadin, an yi ta ne don ƙaiƙayi da atishawa, amma tana buɗe ciki ta kuma sa barci. Ɗayar ita ce deksametazon, magani mai ƙarfi wanda likita ke bayarwa don asma da kumburi. Wanda ya daɗe yana shanta fuskarsa takan kumbura, ciki ya yi girma, hannuwa da ƙafafu su sirance, ya ɗauka ƙiba ce, alhali kuwa ruwa ne da kitse marar amfani. Tana jawo hawan jini da ciwon sukari, tana raunana ƙashi, tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wanda ya saba da ita kuma in ya bari farat ɗaya yana iya faɗuwa, sai likita ya riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

Yanzu ga wayar hannu ta zo ta ƙara wa wutar itace. Saurayi yana zaune a Gagarawa yana kallon hotunan ƙattin Legas da Dubai a Facebook da TikTok, bai san yawancinsu an gyara su da na'ura ba. An taɓa ganin irin wannan a tsibirin Fiji, inda mutane ke son jiki mai kauri kamar mu. Talabijin ya isa wani lardinsu cikin 1995. Wata likita mai suna Anne Becker ta tambayi 'yan matan makaranta a shekarar, ba ta sami ko ɗaya mai amayar da abinci don ta rame ba. Da ta koma cikin 1998 ta tarar kimanin 11 cikin ɗari suna yi. Shekara uku kacal. In hoto ya yi wa 'yan matan Fiji haka, me zai hana ya yi wa samarinmu?

Kowace Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ga dillali ya kama rago, ya taɓa gadon bayansa, ya matsa ƙirjinsa, ya duba haƙora, sa'an nan ya yanka kuɗi. Wannan daidai ne ga rago, don nama aka kiwata shi. Abin takaici shi ne mun ɗauki wannan ido muna bin 'yan Adam da shi. Wane ya cika teɓa, wane sillen kara ne, wane tafiyarsa ta mata ce. Mai faɗa ya faɗa ya wuce, ya manta kafin la'asar. Wanda aka faɗa wa kuwa da ita zai kwana, watakila shekara ashirin. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ga alamun da za ka lura da su ga ɗanka, ko ƙanenka, ko yaron shagonka. Ya daina cin abinci cikin mutane, kullum ya ce ya riga ya ci. Da an gama ci sai ya tashi zuwa bayan gida. Yana yawan duba madubi ko hawa sikeli, yana yawan aibata jikinsa. Yana jin sanyi ko da bazara, jiri yana ɗibarsa in ya miƙe. Haƙoransa sun fara cinyewa, gefen kumatunsa ya kumbura, domin ruwan ciki mai tsami ne, in yana yawan bi ta baki sai ya ci haƙora. Waɗansu kuma sukan fake da azumin nafila, su haɗa kwanaki ba buɗa-baki na kirki, alhali malamai sun karantar da mu an hana yin ɗoren azumi ba tare da an sha ruwa ba. Haɗarin da ya fi duka yana ga zuciya. Yawan amai da zawo suna zubar da wani gishirin jini mai suna fotasiyam, in kuwa ya yi ƙaranci bugun zuciya yakan rikice, mutum ya faɗi yana tsakiyar aiki. Cikin cututtukan tunani, ƙin abinci yana cikin waɗanda suka fi kisa.

In ka ga haka, fara da asibiti. A babban asibitin Gumel, ko wanda ya fi kusa da ku, a auna a ga ko tarin fuka ne, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau, ko tsutsar ciki, gama duk suna ramar da mutum. In ba a ga ko ɗaya ba, a nemi likitan tunani. Akwai asibitinsu a Kazaure, akwai a Dawanau ta Kano, akwai kuma sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba shi ne hauka ba. Cikin Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar tunani, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a riƙe shi da mutunci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majiyyaci, sai fa in kotu ta nema ko wani dalili irin wannan. Abin da likita ke bukatar ji don ya fara aikinsa shi ne yadda mutum ke ci, da abin da ya ke sha, da yadda ya ke ganin jikinsa.

Kada kuma a ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa abinci mai yawa gaba ɗaya, wai don a ga ya murmure da wuri. Jikin da ya saba da rashi in aka cika shi farat ɗaya zuciya na iya gazawa. Kaɗan-kaɗan a ke yi, bisa shawarar likita. Aikin mutanen gida shi ne zama tare da shi lokacin ci, da barin zancen ƙiba da rama a gabansa ɗungum, ko da na yabo ne, da haƙuri in ya koma baya.

Kai kuma da ciwon ke jikinka, in wannan takarda ta iso hannunka, ka sani ba kai kaɗai ba ne, ba kuwa lalacewa ba ce ko rashin zuciya. Ciwo ne mai suna, likitoci sun san shi fiye da shekara 300, ana kuma warkewa. Nemi mutum ɗaya da ka amince da shi, uwa ko yaya ko aboki, ka gaya masa abin da ka ke yi da abinci in ka rufe ƙofa. Ba dole ne ka buɗe masa dukan cikinka ba, wannan kaɗai ya isa a fara.

Sauranmu kuwa, aikin da ke kanmu ba ya cin ko kwabo. Mu kira mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa. Mu hana yaranmu bin wani da waƙar tsokana a titi. In mun ci abincin mutum mun ƙoshi, mu ce masa sannu da aiki, mu tambaye shi ko shi ma ya ci. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya kuma tsare bakunanmu daga zama sanadin ciwon wani.